Tirelolin Keelrock

Lorne Hrycan ya yi shekara ashirin da shida yana tuƙa motar ɗaukar yashin da ake tace man fetur daga cikinsa, a arewacin garin Fort McMurray. Da ya yi ritaya, sai ya zuba rabin kuɗin sallamarsa a hannun jarin Keelrock, wani ɗan kamfani mai fili ɗaya a daji da ma'aikata tara, wanda bai taɓa fitar da ko gangar mai ɗaya ba. Shekara huɗu farashin yana kwance a senti goma sha ɗaya.

Kullum da safe yakan sha kofi a wani shago da tsohon abokin aikinsa Wendell Pike, wanda jarinsa a kamfanin ya ninka na Lorne sau uku.

Wata Talata a watan Fabrairu, wani ya sa hoto a dandalin intanet na masu jarin: tireloli shida a kan hanyar ƙanƙara, sun nufi filin Keelrock. Kafin rana ta raba, magana ta zama wai wani babban kamfani ne zai saye su. Ran nan hannun jari miliyan tara ya sauya hannu. Zuwa Juma'a farashi ya kai senti talatin da huɗu.

Lorne ya kira Bernice, ƙanwar matarsa, mai dafa abinci a sansanin ma'aikata da ke kusa da filin.

Ta ce, "Tirelolin nan? Ai fanko suka shiga, da kaya suka fito. Bututai da injuna suke kwashewa. Ni na zuba wa direbobin abinci."

Washegari ya gaya wa Wendell.

Wendell ya ce, "Lallai tsoho! Yanzu kuma daga kicin ake ba ka labarin kasuwa?"

"Ita ta ga motocin. Kai hoto ka gani."

"Mutum dubu suna saye, duk mahaukata ne sai Bernice?"

Lorne ya rubuta abin da ya ji a dandalin, layi biyu kacal. Aka ce ɗan kore ne na masu son farashi ya faɗi, aka goge rubutun, aka rufe masa shiga. Ran Litinin ya sayar da nasa duka.

Farashi bai tsaya ba. Cikin mako uku ya taɓa senti sittin da ɗaya. Wendell ya riƙa ajiye wayarsa a tsakiyar tebur don Lorne ya gani.

"Sha kofinka, ni zan biya. Talaka ai abin tausayi ne."

Lorne ya shanye kofin, amma sau biyu yana buɗe shafin dillalinsa da niyyar sake saye, ya rufe.

A watan Afrilu kamfanin ya fitar da sanarwa mai shafi ɗaya: ya sayar da kayan aikinsa, ya dakatar da aiki sai abin da hali ya yi. Kafin a tashi kasuwa farashi ya sauko senti bakwai.

Wendell ya yi kwana takwas bai zo shagon ba. Da ya dawo, ya zauna ya ce ya ƙara sayen hannun jari dubu hamsin.

"Yashin yana nan a ƙasa, ba inda ya je," in ji shi.

"Yana nan kam," in ji Lorne.

Da ƙanƙara ta narke, Lorne ya sayi tsohon kwale-kwale mai inji. Suka tafi kamun kifi a tafkin Gregoire su biyu, Wendell ne ya kawo tsutsa.