Makunnin Kicin

Tun ranar da maigidana ya faɗo daga tsani yana ja wa wani sabon gini wayar wuta, dariyarsa ta daina zama tasa. Ƙafa ta warke, hannu ya warke, nauyin bakin ma ya ragu. Amma da zarar abu ya sosa masa rai sai dariya ta ƙwace masa, mai ƙarfi, har kafaɗunsa na girgiza.

'Yarmu ko firamare ba ta shiga ba. Shi ya raɗa mata Injiniya, don ita ke riƙe masa sukundireba in yana gyara. Ranar da mota ta take kyanwarta a bakin titi, ta naɗo ta a tsumma ta kai masa ɗaki tana kuka. Ya dube ta, ya fashe da dariya. Na fizgo yarinyar na fita da ita. Daga ranar ba ta sake taka ƙofar ɗakin ba, ni ma ban matsa mata ba. Na haɗa mata kaya a jaka, da niyyar in kai ta wurin mahaifiyata ta zauna.

Kafin tafiyar, ranar ganin likitarsa ta zo. Na bar shi a kan bencin asibiti, na shiga na zayyana wa likitar komai.

"Kin tambaye shi abin da ya ji a lokacin?" in ji ta.

"Likita, ai da kunnena na ji."

Ta juyo mini da hoton ƙwaƙwalwarsa, ta ɗora biro a tsakiya. "Daga nan tsoro da baƙin ciki ke tasowa. Nan bayan goshi ake auna su, a sassauta ko a saki. Can ƙasa kuma ake motsa fuska da murya. Duk magana suke yi da juna. Shi hanyar da ke tsakaninsu ce ta ji rauni. Baƙin cikinsa na nan daidai, wajen fitowa ne yake ɓatan kai."

"Zai gyaru?"

"Magani na rage wa wasu. Ba zan yi miki alkawari ba."

A gidanmu, in ka danna makunnin kicin, fitilar baranda ce ke kamawa. Haka muka tarar da gidan. Kullum yana cewa zai gyara, ni kuma ina masa tsiya, wai ya haska gidajen mutane ya bar matarsa na yanka albasa a duhu.

Da muka dawo na kira Injiniya. "Zo ki kunna mini wutar kicin."

Ta yi ɗage ta danna. Baranda ta haska.

"Laifin wa ke nan?"

"Waya ce, Umma. Abba ya ce juya ta aka yi."

"To, ta cikin kan Abbanki ma ta juye. In ya danna kuka, dariya ke kamawa."

Ta dubi makunnin. Can ta ce, "Wa zai gyara masa?"

Mai gyara ɗaya ta sani a duniya, ga shi can kwance.

Ta wuce ni, ta buɗe akwatin kayan aikinsa da ya yi ƙura a bayan ƙofa, ta ɗauko sukundireban. Na bi ta har bakin ɗakinsa na tsaya, a shirye nake in sake ɗauke ta. Ta ɗora masa shi a tafin hannu, ta naɗe yatsunsa a kai.

"Abba, kyanwata ta mutu."

Na ga ya cije leɓe, jijiyar wuyansa ta tashi. Abin ya fi ƙarfinsa. Dariyar ta cika ɗakin, irin ta rannan sak. Na kai hannu kafaɗarta, ta zame.

"Umma, bari. Kuka yake yi."

Ta hau gefen gadon ta jingina da shi, tana nata kukan, shi ma yana nasa. Ban iya tsayawa ba. Na koma ɗakina na zazzage jakar a kan gado, na shiga mayar da rigunanta cikin durowa, dariyarsa na biyo ni ta bango.