Ƙyauren Maman Tagwaye

"Ku taɓa shi ku gani," in ji Mai Kitso. "Duk wanda ya kai hannu kan ƙyauren nan, da ruwan zafin nan zan yi masa wanka. Ban ware mai rawani ba, ban ware mai kwat ba."

Mai rawanin Liman ne, mai kwat ɗin Fasto. Suka ja da baya tare kamar awakin da aka ɗaure da igiya ɗaya. Ƙyauren yana jingine da bangon tsakar gida, jinin mijinta ya bushe a kansa ya yi baƙi, ƙudaje sai bi suke yi. Ita kuwa tana tsaye da bokiti yana tururi, ga soso ga sabulu.

"Baiwar Allah, tsaya ki ji," Liman ya ce. "Gobe majalisar jiha za ta saurari jama'a kan dokar nan. Mun gaji da kai musu magana suna yi mana hamma. In suka ga wannan da idonsu..."

"Sai su rufe baki? To ku yanka yatsunku ku shafa a kan ƙyauren gidajenku ku kai musu. Jinin mijina ba na talla ba ne."

"Mama, don talakawa ne," in ji Fasto a hankali.

"Ni ce uwarka? Da gemunka da komai?"

Ga wanda bai san unguwar ba, ga yadda abin yake. In mai gida yana son 'yan haya su tashi, ba ya wahalar da kansa da kotu. Dillali zai turo ƙarti da rodi su ɓalle maka ƙyauren ɗaki su yar. In ka yi taurin kai su dawo su yaye kwanon rufi. Wa zai kwana da mata da 'ya'ya ɗaki a buɗe? An yi wa masu zuwa masallaci, an yi wa masu zuwa coci, don rodi bai san alƙibla ba. Wannan ne ya haɗa Liman da Fasto, mutanen da a da har gaban hukuma sun kai juna kan ƙarar lasifika. Suka haɗa kwamiti, suna ta safa da marwa a majalisa don a yi dokar da za ta hana taɓa ƙyaure ko rufin ɗan haya sai da umarnin alƙali.

Mijin Mai Kitso kafinta ne, ana ce masa Baba Ƙusa saboda kullum bakinsa cike yake da ƙusoshi. Bai iya jawabi ba, in aka ba shi lasifika sai tari. Nasa aikin guda ne: duk inda aka ɓalle ƙyaure, ya ɗauki guduma ya je ya mayar.

Sai abin ya iso gidansu, don mai gidan yana son ya mai da ɗakunan shaguna. Aka fara da Maman Tagwaye, tela ce, mijinta ya mutu ya bar ta da 'yan mata biyu da suka fara zama mutane. Aka ɓalle nata, Baba Ƙusa ya mayar. Aka sake ɓallewa, ya sake mayarwa. Karo na gaba ƙartin ba su tafi ba, suka laɓe a zaure suna jiransa.

Mai Kitso tana tsakiyar kan wata mata ta ji ihun tagwaye. Ta fito da tsinken tsaga a hannu, ta tarar an riga an kai shi ƙasa. Babban ƙartin, wanda ake kira Mai Tabo, shi ya fara naushinsa a baki alhali ƙusoshin na ciki. Sauran suka bi shi da rodi a haƙarƙari, suna yi suna ƙirga masa ƙyauren da ya mayar a unguwa. Da suka gaji Mai Tabo ya taka masa hannun dama da dunduniya ya murza, ya ce, "Gobe ma ka kafa." A kan ƙyauren aka kwashe shi zuwa asibiti, don babu abin ɗauka kusa. Likita ya duba ya ce ɓarnar a ciki take, sai addu'a. Shi kuma ya ce in addu'a ce a mai da shi ɗakinsa.

To daga ɗakin nan ne muryarsa ta fito yanzu, a shaƙe, ta cikin kumburarren baki.

"Ke. Ajiye ruwan nan ki zo. Ku ma ku shigo."

Ta shiga tana huci, su biyun suna biye. Yana kwance a kan katifa, an ɗaure masa ƙirji, hannun ya kumbura ya yi kamar ba nasa ba.

"A ina Maman Tagwaye take kwana?" ya tambaya.

"A ɗakinta mana. Da labule."

"Mace da 'yan mata biyu, da labule." Ya yi numfashi da ƙyar. "Malam, Fasto, ku ɗauki mai jinin ku kai musu. Kada a wanke. Ke kuma ki cire namu ki kafa mata. Awonsu ɗaya, ni na yi su."

"Ka ji tsohon nan. Kai kuma ka kwanta a fili kowa yana leƙenka?"

"Me ya rage da ba su gani ba? Da aka ɗauke ni ai wandon ma a hanya ya tsaya."

Fasto ya kusa yin dariya, ya mai da ita tari.

Mai Kitso ba ta yi dariya ba. Tun tana amarya halinta ke nan, in rai ya ɓaci sai ta fice ta bugo ƙyaure har kwanukan ɗaki su amsa. Shi kuma daga ciki zai ce, "Ƙara bugawa, ni na kafa shi." Duk gidan sun haddace wannan, har yara suna kwaikwayo. Ta fice ta bugo shi da dukkan ƙarfinta.

"Ƙara bugawa," aka ji daga ciki, can ƙasa-ƙasa. Sauran maganar tari ya cinye.

Ta tsaya a waje tana kallon bango. Can ta koma ta ɗauko akwatin kayan aikinsa. Shekara da shekaru ita ke riƙe masa katako in yana aiki a gida, ba abin da idonta bai gani ba. Kafin la'asar ƙyauren ɗakinta ya koma bakin ƙofar Maman Tagwaye, tagwayen suna riƙewa tana bugawa.

"Yaya, wannan nauyin ya yi mini yawa," in ji Maman Tagwaye tana share ido da gefen zane.

"Ba ke ke ɗauke da shi ba, bango ne. Matsa mini."

Washegari da hantsi Liman da Fasto suka ɗora mai jinin a kan amalanke, mazan unguwa suka bi su, na masallaci da na coci, har da waɗanda rabonsu da ko wanne an manta. Unguwa ta zama sai mata da tsofaffi. Dillali kuwa ba a banza yake cin abincinsa ba, ya san da haka.

Mai Kitso tana ɗiga wa mijinta ruwa a baki da cokali ta ga inuwa ta cika zaure. Ɗakin ba ƙyaure, daga katifa ana hango tsakar gida tas. Mai Tabo ne da mutum biyu, kowa da rodi. Ko kallon ɗakin ba su yi ba, suka nufi ƙofar Maman Tagwaye, wadda ta tura 'ya'yanta ciki ta sa sakata.

"Wane ɗan iskan ne ya sake kafawa?" in ji Mai Tabo.

Baba Ƙusa ya motsa yatsun hannunsa mai lafiya, ya nuna akwatin.

"Kwanta abinka," ta ce masa. Ta ɗauki gudumar.

Tukunyar ruwan da ta ɗora don gasa masa jiki tana kan murhu a bakin ɗaki tana tafasa. Ta naɗe hannu da zane ta sunkuce ta. Mai Tabo ya riga ya cusa rodi tsakanin ƙyaure da bango yana dannawa da ƙafa, ya ba ta baya.

"'Yar iskar ce ta kafa, ga ta nan," ta ce, ta sheƙa masa.

Ƙarar da ya yi har bakin titi an ji. Ya yar da rodin yana yage riga, fatar wuyansa tana biyo ta. Na biyun ya juyo ya make ta a kafaɗa, ta faɗi a kan gwiwa, daga nan ƙasan ta sakar masa guduma a ƙwauri. Aka ji ƙas. Na ukun ya shaƙo ta ta baya da ɗankwalinta yana ja, idonta ya fara rufewa. Sai sakata ta buɗe. Maman Tagwaye ta fito da babban almakashinta na yankan yadi, wannan matar da ko kaza ba ta iya yankawa, ta luma masa a damtse.

Daga nan kuma ba a san wa ya fara ba. Matar Liman ta shigo da taɓarya, matar Fasto da dutsen guga, mai wankau ta gidan baya da guga mai igiya tana wulwulawa. Tagwaye suna jifa da duwatsun murhu. Wata tsohuwa da ba ta da haƙori ko ɗaya ta kama kunnen Mai Tabo tana neman abin cizo. Ƙartin suka fita suna jan mai karyayyar ƙafa, jini yana bin su har zaure, takalmi ɗaya da rodi biyu suka bari.

Mai Kitso ta miƙe tana haki, hannun hagu yana lilo. Ta dafa ƙyauren ta girgiza shi. Rodi ya ɗan ci gefensa, amma yana nan daram.

"Ka gani ko?" ta ce tana juyowa wajen ɗakinta. "Yanzu ka ce ban iya ba. Ko motsi bai..."

Kansa yana juye wajen tsakar gida, idonsa a buɗe, daidai kan ƙofar Maman Tagwaye. Cokalin yana nan inda ta ajiye shi a kan ƙirjinsa, ba ya hawa ba ya sauka.

Matar Liman ta fara salati. Maman Tagwaye ta durƙusa a bakin ƙofa da almakashin a hannu, tana addu'a irin tasu ta coci. Mai Kitso ta shiga ta rufe masa ido da hannun da ke aiki, ta ɗauke cokalin ta goge shi da zane, ta rasa inda za ta sa shi.

Bayan azahar mazan suka dawo da ƙyauren, idanu jajur. A ƙofar majalisa an tare su da kulki da barkonon tsohuwa. An fasa wa Fasto kai, rawanin Liman ne naɗe a wurin, shi kuma Liman kansa a buɗe, ashe sanƙo ne da shi, abin da ko matan unguwa ba su sani ba. Da amalanken ya kife, su biyun suka ɗauki ƙyauren a ka suka kutsa, har sai da wata 'yar majalisa ta fito ta ce a bar su su shiga. Sun jingine shi a gaban zauren majalisar. An ce ba wanda ya yi hamma. An kuma ce za a sake zama a kan dokar.

Suna cikin ba da labarin suka lura ba mai amsa musu.

Aka yi masa sutura aka kai shi kafin rana ta faɗi. Fasto da mutanensa suka tsaya gefe har aka idar da salla, sannan suka sa kafaɗa a makara.

Da gari ya waye Liman da Fasto suka dawo gaisuwa, suka tarar da ita a ɗaki da akwatin kayan aiki a buɗe, hannu ɗaya rataye a wuya. Ta sa tagwaye sun jawo mata mai jinin zuwa bakin ƙofarta.

"Tunda kun zo, ku riƙe mini," ta ce. "Malam sama, Fasto ƙasa. Ku ɗaga kaɗan. Kaɗan na ce."

Maman Tagwaye tana riƙe ƙusa, ita tana bugawa. Sauran ƙusoshin suna bakinta. Da ta gama ta tura shi ta jawo, ya tafi ya dawo ba ƙara.

"Sai dai fa za mu sake buƙatarsa ranar zaman," in ji Liman. "Da an bar shi a ɗakin ajiyar masallaci."

"Ɗakin da ke yoyo?" in ji Fasto. "Ofishinmu akwai makulli."

"Makullin da aka sace muku janareta yana rufe?"

"Malam, kada mu koma maganar lasifika."

Mai Kitso ta tofar da ƙusar da ta rage a tafin hannunta.

"Ƙyaure a bakin ƙofa yake kwana," ta ce. "Ranar zaman ku zo da sassafe, ni zan cire shi, ni zan ɗauka, ni zan jingine musu. In sun tashi in dawo da abina in kafa. In sun sake ɗagawa in sake kai musu. Mu ga wanda zai gaji."

"Ai ke kina cikin takaba," in ji Liman. "Fita ba ta..."

"Malam, a bar ta mana," in ji Fasto.

"Kai me ka sani a ciki?"

Suka sake kaurewa, wannan na cewa littafi ya ce, wancan na cewa ai lalura ce. Ta dube su, ta dubi katifar da aka naɗe aka jingine a lungu. Ta fice ta bugo ƙyauren har kwanuka suka amsa.

Ɗakin ya yi shiru. Ta tsaya a tsakar gida ta ba ƙofar baya, ta ɗan karkata kai gefe guda tana kasa kunne. Garin katako yana saukowa a hankali daga saman ƙofar, yana zuba a kan takalman Baba Ƙusa da ba wanda ya tuna ya ɗauke.