Ƙwayar da Mai Murya Ya Haɗiya

Shekara goma sha huɗu na yi ina haɗa sauti a bayan gilashi, shi kuma Mai Murya yana ɗaya ɓangaren yana karanta labarai. Haka kowa ke kiransa a gidan rediyonmu. Mutum ne mai jiki, in ya zauna sai kujera ta yi ƙara, amma ba wanda abin ya dama, tunda murya ake saurare.

Da aka buɗe sashen talabijin ne aka fara kallonsa. Ranar gwaji, manaja ya dubi allo ya ce, "Kai, Mai Murya, ai ka cinye hoton duka. Ina za mu sa tambarin gidan?" Kowa ya yi dariya, har shi. Da muka koma ɗakinmu ya rataye kwat ɗinsa ya ce mini, "Ƙanena, ba wasa yake yi ba. In ban rage jiki ba, wani za a ba labaran rana."

Ya gwada gudu da safe, sati uku, gwiwa ta kumbura ya bari. Wata rana ya ciro wata 'yar kwalba marar rubutu daga aljihu, da ƙwaya uku a ciki. Ya ce a intanet ya sami lambar wani, aka aiko masa.

"Mene ne a ciki?"

"Ƙwan tsila."

"Tsila? Tsutsar cikin da ake shan magani a kashe?"

"Ita. Ka ci abincinka, ta taya ka ci. In ka kai inda kake so, sai ka sha magani ta fita."

Na ce, "Yaya, ɗan haya za ka sa a gida ba ka ga fuskarsa ba?" Ya ce in kula da na'urata. A gabana ya haɗiyi biyu.

Ya rame, wannan kam ba ƙarya. Cikin wata uku sau biyu ana huda masa bel. Mutane suna tare shi a matakala suna tambayar sirrin, shi kuma ya ce ruwan ɗumi ne da haƙuri. Ni na san sauran. Sau da yawa muna tsakiyar shiri zai ɗaga mini yatsa, in saka kiɗa mai tsawo, ya ruga banɗaki. Na lura kuma kullum sai na ƙara ɗaga masa sauti, don muryar ta fara rasa nauyinta. A wata na biyar ya sha maganin tsutsa, ya ce an gama. Amma ciwon kai ya zo ya zauna, har durowarsa ta cika da fakitin magani.

An ba shi labaran rana a talabijin. Wata Talata, muna watsawa kai tsaye, ya karanta layi ɗaya sau biyu. Na ɗauka takardar ce ta rikice. Sai hannunsa na hagu ya fara karkarwa a kan tebur, bakinsa ya karkace, ya zame ƙasa. Na kashe makirufo, aka saka talla. Mu huɗu muka ɗauke shi zuwa mota.

A asibiti aka yi masa hoton ƙwaƙwalwa. Likitar, wata mata mai farin gilashi, ta kira ni da matarsa gefen gadon, ta juyo mana da kwamfuta. Ta nuna wasu 'yan ɗigo da biro, ta ƙirga biyar.

"Waɗannan 'ya'yan tsutsa ne," in ji ta. "Su suka jawo farfaɗiyar. Ko kun san yadda aka yi suka shiga jikinsa?"

Matarsa ta ce ita dai gidanta tsaf yake. Mai Murya ya juya fuska bango. Sai ni na faɗi abin da na gani.

Likitar ba ta yi faɗa ba. Ta ce ba wanda ya san irin abin da ake ɗurawa a waɗannan ƙwayoyin. Akwai irin tsilar da in an haɗiyi ƙwanta, ba ya tsayawa a hanji. Ƙyanƙyashewa yake yi ya bi jini, ya sauka a tsoka, ko ido, ko ƙwaƙwalwa. Ta ce maganin da ya sha da kansa bai isa ya kai nan ba, ramar kuma gudawa ce da rashin jini.

Matarsa ta zauna a bakin gado ta daɗe tana kallonsa. Ta ce, "Baban yara, wata takwas ina canza girki, ina cewa hannuna ne ya lalace. Har asibiti na so mu zo, ka ce aiki ne ya yi yawa."

"Kunya na ji," in ji shi.

"Kunyar wa? Tawa?"

Ta tashi ta gyara masa matashi, ta tambayi likita ko za a gwada yara. Aka gwada su duka, ba a sami komai ba.

Kwana goma sha biyu ya yi a kwance. An haɗa masa maganin kashe tsutsar da na rage kumburi, ya yi ta amai. Ƙwayar da ta rage matarsa ta kawo, aka kai ɗakin gwaji. Na buga lambar mai sayarwar sau uku, a kashe.

Bayan wata biyu ya dawo aiki, shirin safe a rediyo. Hoto na biyu ya nuna huɗu daga cikin 'ya'yan tsutsar sun mutu, ɗaya ana sa ido a kai. Zai yi shekara biyu aƙalla yana shan maganin farfaɗiya, kuma an hana shi tuƙi, don haka ni nake biyawa in ɗauke shi ƙarfe shida. Yana zama a gaba da jaridu a cinya, yana gyara mini tuƙi tun daga ƙofar gida har ofis.