Babu Gola a Wannan Wasan

Shekara goma sha ɗaya na yi ina tsaron raga a bayan Momčilo, a ƙungiyar ƙwallon masana'antar sukari ta garinmu, don haka babu mai ba ni labarin taurin kansa. Shi ne shugaban 'yan baya, kuma dabararsa ɗaya ce tak. Ya daka tsawa, 'yan baya su taso gaba a layi ɗaya, ɗan gaban abokan karawa ya faɗa satar gida. In mai tuta ya ɗaga, Momčilo ya yi ta washe baki. In bai ɗaga ba, sai a bar ni da mutum, ido da ido.

Yanzu duk mun haura sittin da biyar. 'Yarsa Dunja tana aikin jinya a Chicago. Ni na riƙe ta a coci ranar da aka yi mata baftisma, shi ya sa ni da ubanta muke kiran juna kum. Tun rasuwar uwarta, wayarsu ba ta wuce minti uku: ka ci abinci, ka sha magani, yaya sanyi. Sai bara ta buɗe masa ƙungiya a wani wasan intanet na ƙwallon Amurka, wannan da ake jifa da hannu, ta sa shi a rukunin da take. Ba kai kake bugawa ba. Kana tsara inda kowa zai tsaya, ranar Lahadi da ƙarfe huɗu na yamma kwamfuta ta buga wasan, kuna kallon 'yan ɗigo suna gudu a allo. Daga nan wayar minti uku ta koma ta awa guda, har da gardama da dariya.

Matsalar ita ce ƙungiyoyi biyun ƙarshe suna faɗawa rukunin ƙasa, kuma Momčilo na biyun ƙarshe ne, saura wasa ɗaya.

Kowa a rukunin ya gano lagonsa. Duk masu tsaron bayansa ya jera su gaba a layi, kamar yadda muke yi a da. Mai jifa ya cilla ƙwallo ta saman kawunansu, wani ya ruga ya cafe, ba kowa a gabansa sai fili. Kuma duk sanda aka yi haka, Momčilo sai ya ɗaga hannu a tsakiyar shagon shan kofi na Ljubica, yana neman satar gida daga kwamfuta. Sau nawa Dunja ta gaya masa babu wannan dokar a nan. Ya sani sarai, hannun ne bai sani ba.

Ranar Asabar na same shi a teburinmu, kofinsa ya huce, ya tasa kwamfutar a gaba.

"Kum, ja da mutanenka baya," na ce.

"Ɗan baya ba ya ja da baya. Matsorata ke yin haka."

"To jarumi, maki nawa aka zura maka makon jiya?"

"Kai me ka sani? Kai da ka ƙare rayuwarka a tsaye tsakanin sanduna biyu kana cin 'ya'yan kabewa."

Nan raina ya ɓaci, na buga teburin har cokula suka yi tsalle.

"Ni me na sani? Duk ranar da tarkonka ya tsinke, wa yake fitowa ya kwanta a ƙafar mutum? Wannan haƙorin da babu, a ina na bar shi? Kana tasowa gaba da ƙarfin gwiwa ne don ka san ni Toza ina baya. To buɗe idonka ka duba allon nan. Ina golan? Babu gola a wannan wasan, kum! Ka taso gaba, bayanka ba kowa!"

Ya dubi allon. Sannan ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "In na faɗa ƙasa, ba ma rukuni ɗaya da ita. Me zan riƙa ce mata ranar Lahadi? Na sha magani?"

Tausayinsa ya kama ni, na ja kujera kusa. Na ce ya mayar da mutum biyu can baya, kada su bi kowa, su tsare fili su zuba wa mai jifa ido.

"Ɗaya," in ji shi.

"Biyu na ce."

"Gola ɗaya ake sawa."

Ranar Lahadi shagon ya cika. Ljubica ta haɗa kwamfutar da talabijin ɗin bango, ta fito da burek mai zafi, gurasarmu mai nama a ciki, aka jingina waya da kwalbar gishiri don Dunja ta gan mu. Abokin karawar wani ne daga Texas da ba mu taɓa gani ba, mai jifarsa ya fi na kowa nisa. Da sunayen 'yan wasa suka fito, Dunja ta fashe da dariya.

"Baba, wane ne Toza mai lamba ɗaya?"

"Na duba benci na zaɓo wanda ya fi kowa tsufa da nauyin jiki," in ji Momčilo, ko kallona bai yi ba.

Aka fara. Da yake an cire mutum ɗaya daga gaba, sai suka riƙa samun 'yan gajerun ratse, taku huɗu, taku biyar. Momčilo ya yi ta mutsu-mutsu a kujera. "Ka gani? Ka gani? Suna cinye mu da kaɗan-kaɗan!" Amma jifa mai nisa ta farko, ɗigon nan mai sunana, wanda aka bari a can baya, ya isa wurin ya kaɗe ta. Ta biyu ma haka. Shagon ya ɗauki ihu, wani tsohon direban bas ya sumbace ni a tsakar ka.

Saura daƙiƙa tara, muna da ashirin, suna da goma sha bakwai, ƙwallo a hannunsu a tsakiyar fili. Kowa ya miƙe. Mai gudunsu ya wuce layin Momčilo fit, ƙwallo ta tashi sama, ta yi ta tafiya. Hannun Momčilo ya tashi da kansa.

"Baba, sauke hannun!" Dunja ta ƙwala daga cikin waya. "Toza! Toza, je ka!"

Ni kuwa har na durƙusa na ware hannuwa a tsakanin tebura, da gwiwoyin nan nawa. Ɗigon ya taho a hankali, kamar mai zuwa sayen burodi, ya ratsa gaban mai gudun. Rubutu ya fito a allo: Toza ya cafe.

Ban san sanda na rungume Ljubica da farantinta ba. Kujeru suka zube, burek a ƙasa, Dunja tana tsalle a ɗakin girkinta da rigar asibiti. Rabon da in ji irin wannan daɗin tun ina da gashi.

Momčilo na tsaye, hannunsa har yanzu a sama, ya manta da shi. Ya sauke shi a hankali, ya ɗora a kafaɗata.

"Shekara goma sha ɗaya," ya ce, "ban taɓa waiwayowa na dube ka ba."

Kafin in sami abin cewa ya riga ya ɗauki wayar ya nufi teburin lungu. "To 'yata, zauna da kyau. Kakar baɗi da ke zan fara."