Injin Zarton Baba Ƙusa

Katakon ya fasa kwanon rufin da ya raba shagunan biyu, ya wuce ta gefen kunnen mai walda, ya daki bango. Mai walda ya cire gilashin idonsa, ya ɗauki katakon, ya zagaya shagon maƙwabcinsa yana huci.

Tsohon kafinta, wanda unguwa ke kira Baba Ƙusa saboda rama da tsinin baki, yana tsaye gaban injin zarton da ya sayo kwanan baya: tsohon teburin ƙarfe mai tsatsa, zarto na leƙowa ta tsakiyarsa. Ƙarfen saitin da ake jingina katako a jikinsa don yanka ya miƙe ya lanƙwashe, rawa yake yi, shi ya sa injin ke cizon katako ya tofar.

"Baba, kashe ni za ka yi?"

"Da na yi niyya ai da ban kuskure ba. Ajiye min katakona, yaro."

Mai walda na da furfura a gemu, amma tun da suka haɗa bango sunansa yaro. Dama ba sa ga maciji. Garin katako na shiga fentinsa, tartsatsinsa kuma ya taɓa ƙona wa tsohon kujera. Yau mai walda ya yi barazanar kai ƙara wurin mai shagunan in ba a sake ƙarfen nan ba. Tsohon ya ce wanda duk ƙofar da ya haɗa sai an sa ƙafa take rufuwa, ina ya ga bakin maganar saiti?

Wannan maganar ce ta hana mai walda sakat. Ya samo bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, ya goge, ya haɗa masa maƙalli mai hannu da zai riƙe teburin gam. Ya kai, tsohon ya kanne ido ɗaya ya ce ya karkace. Ya gyara ya mayar, aka ce hannun ya yi tauri. A zuwan nan ne ya lura tsohon ba ƙarya yake ba: yatsunsa sun kasa murɗa hannun, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Sai ya gane dalilin sayen injin. Hannun da ya shekara yana jan zarto ne ya gaza, ga kuma ƙofofin gidan 'yarsa da ya rantse ba wanda zai yi sai shi.

Mai walda ya koma shagonsa da ƙarfen. Ya ƙara wa hannun tsawo, ya sa maiko, ya shafa fenti, ya dawo ya ɗaura.

Tsohon ya tura katako. Injin ya yi kuka siriri, katakon ya rabu biyu sumul. Ya bi gefen da babban yatsa, ya daɗe yana bi.

"Fentin ya yi muni," ya ce, sannan ya zauna kan benci yana neman numfashi.

"Baba, ka je asibiti."

"Ka ji da waldarka."

Ƙofa ɗaya ya gama. Daga nan shagon ya kwana a rufe, ya wuni a rufe, har mai shayin bakin titi ya tsallako wata safiya ya ce tsohon ya cika. Mai walda ya bi gawa har makwanci, ya tsaya can baya, ya dawo bai kunna wutar walda ba.

Ba a daɗe ba ɗan marigayin, wani direban babbar mota, ya zo da mai sayen tsoffin ƙarafa. Suna cikin tattare wayar injin, mai walda ya shiga, ya saki maƙallin, ya zare ƙarfen saitin.

Direban ya tare shi, ya ce har da ƙarfen aka yi ciniki, kuma kowa ya san tsohonsa bai taɓa ƙaunar mai walda ba.

"Ni ma ban ƙaunace shi ba," in ji mai walda. "Amma wannan ba za a ɗora shi a sikeli ba. Matsa min."

Direban ya matsa. Suka kinkimi injin suna nishi, mota ta tafi. Mai walda ya tsaya da ƙarfen a hammata. A kan simintin, cikin garin katako, wuraren da ƙafafun teburin suka zauna sun fito fes, ga silifas ɗin tsohon a ƙarƙashin benci, ɗaya kan ɗaya.