Gangarar Salala

Da Hiyam ta ce ita za ta tuƙa mijinta daga Karak ta ƙasar Jodan har Salala ta ƙasar Oman, ba shawara ta kawo wa 'ya'yanta ba, sanarwa ce. Ta riga ta kai motar gareji an sake mata tayoyi, ta wanke fulas ɗin gahawa, ta naɗe tabarma da ƙaramin risho ta tura bayan kujera.

Ziyad, babban ɗansu, ya yi ta jero dalilai. Tsakiyar bazara ake ciki, hanyar ta keta Saudiyya kaf kafin a shiga Oman, ita ta haura sittin, babansu kuma ba ya gani sosai. Ya ce su bari ya sama musu kujera a jirgi. Ta bar shi ya gama tsaf, sannan ta tuna masa cewa ta yi shekara da shekaru tana jan bas ɗin makarantar yara a hawa da gangarar Karak, yara suna ihu a bayanta, ko bango ba ta taɓa gogewa ba.

"Umma, can fa ba Karak ba ce."

"Ai shi ya sa za mu je," in ji ta.

Muflih, mijin nata, yana gefe yana sauraronsu. Tsohon direban tirela ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa a waɗannan hanyoyin yana kai tumatir da lemo ƙasashen gabas. Amma a duk yawon nan bai san komai ba sai layin kwastan da gidan mai da wurin sauke kaya. Salala sau ɗaya ya taɓa zuwa, da rani, ya tarar da duwatsu a bushe ƙurmus. 'Yan garin suka yi ta gaya masa ya dawo lokacin yayyafi ya ga yadda ƙasa take komawa. Bai dawo ba har ciwon suga ya taɓa masa ido, ya zama sai dishi-dishi yake gani.

Tun kafin su kai iyakar Saudiyya Hiyam ta gane cewa idon ne ya tafi, kunnen direba yana nan. Ko ta jinkirta sauya giya kaɗan, sai ya yi gyaran murya. In ta taka totur, sai ya tambaya ko biki ake yi a gaba. Ta haƙura da shi har Tabuka, inda ta tsaya shan mai ta gaya masa a hankali cewa a motar nan direba ɗaya ne, ɗayan kuma fasinja ne mai aikin zuba gahawa. Ya karɓi fulas ɗin. Daga ranar yake kiranta "ranki ya daɗe direba," ita kuma tana amsawa.

Nata laifin daban ne. Ba ta iya ba da labarin abin da take gani ba. In ya tambaye ta me ke gefen dama, sai ta ce dutse. Gefen hagu fa? Shi ma dutse. A Al'ula, gaban ƙaton dutsen nan mai siffar giwa, haƙurinsa ya ƙare.

"Ummu Ziyad, kin ɗauko ni tun daga Karak don ki ce mini dutse?"

Ta yi dariya, ta kama hannunsa ta ja shi ta cikin yashi har gindin hancin giwar, ta ɗora tafinsa a jikin dutsen da yake da sauran ɗumin rana. Ta ce ya tuna cinyar rago da ta gasu ta yi ja, to haka launinsa yake, kuma da za a ɗora gidajen unguwarsu bisa juna da ƙyar su kai masa kunne. Ya daɗe yana shafawa. Ya ce yanzu ya gani. Tun daga nan ta samu hanya: duk abin da za ta kwatanta masa, sai ta nemo shi a kicin ɗinta ko a unguwarsu.

Suka yi ziyara a Madina, suka wuce Riyad ba su tsaya ba don ta ce cunkoson ba na mai hutu ba ne. A Ahsa suka sauka a inuwar gonar dabino, mai gonar ya hana su tashi sai da suka ci shinkafarsu ja. Da asuba suke kama hanya, rana na take tsaka su nemi inuwa, ta kunna risho ta soya ƙwai da tumatir, shi kuma ya yi ta hira da duk direban da ya tsaya kusa, yana tambayar mutanen da yawancinsu sun daɗe da barin hanya. Da suka ratsa babbar hamada, inda tudun yashi ke bin tudun yashi ba itace ba tsuntsu, ita ce ta riƙa waƙa don kada barci ya ɗauke ta, shi yana gyara mata baiti.

A Nizwa suka dace da kasuwar awaki ta safiyar Juma'a, inda masu dabbobi ke zagayawa da su a tsakiyar taro ana taya. Wani ɗan akuya ya shigo ƙafafun Muflih, ya sunkuya ya laluba haƙarƙarinsa da haƙoransa, ya yaba da shi da ƙarfi har mai shi ya tsaya. Kafin Hiyam ta ankara an fara ciniki. Ta ja hannun rigarsa ta tambaye shi a ina akuyar za ta zauna, a cinyarsa ko a tata. Mutanen da ke kusa suka fashe da dariya, mai akuyar ya ce Hajiya ta fi Alhaji gaskiya, ya kai su rumfar ɗan'uwansa aka ba su alewa da gahawa.

Daga nan sai doguwar hanyar kudu, shimfiɗaɗɗiya, fara fat, iska mai zafi na dukan gilashi. Bayan sun wuce Sumrait da la'asar, hanya ta fara hawa, iska ta canza. Hiyam ta ga ciyawa ɗaiɗai, sai ta ga ciyawa ta rufe ƙasa, sai shanu. Tana cikin gaya masa, gajimare ya sauko ya zauna a kan titi. Cikin ɗan lokaci ba ta ganin komai gaban hancin motar sai farin layi, shi ma yana ɓacewa yana dawowa. A daidai nan kuma hanyar ta juya ta fara gangara, kwana bayan kwana.

Karon farko tun da suka baro gida, ta tsorata. Ta ƙanƙame sitiyari, ta ɗora ƙafa a birki ta ƙi ɗagawa. Muflih ya shaƙi iska ya ce yana jin warin birki. Ba da zolaya ya faɗa ba. Ya ce ta mayar da ita giya ta biyu, ta bar inji ya riƙe motar, birki kuma ta riƙa taɓa shi tana saki. Ya ce ta sauke gilashi duka biyun. Sanyi da yayyafi suka shigo musu.

"Ba na ganin komai, Abu Ziyad."

"Kina ganin layin?"

"Ina ganinsa."

"To ya ishe ki. Ki bi shi kamar kin ɗauko yara."

Ta bi shi. Ta sassauta riƙon sitiyarin kaɗan. Suna cikin wata kwana ya ɗaga hannu ya ce ta tsaya, yana jin kiran makiyayi a ƙasa da su. Ta tsaya, ta kunna fitilun gargaɗi. Sai ga dogayen ƙafafu suna fitowa daga cikin farin, raƙuma baƙaƙe jiƙe da ruwa, suna tsallaka titi a natse kamar gidan ubansu. Ɗaya ya tsaya ya leƙo ta tagar Muflih, ya huro masa numfashi a fuska, ya wuce.

Motar da ke bayansu ta tsaya ita ma. Wani magidanci ɗan garin ya fito da mayafi a kafaɗa, ya yi sallama, ya ce sunansa Bakit. Da ya ga lambar Jodan, ya ga farin gashi a goshin direba, sai ya ce in Hajiya ta yarda ya karɓi motar ya sauke musu ita, matarsa ta biyo da tasu. Hiyam ta yi masa godiya sosai. Ta ce ta kawo ta tun daga Karak, ba a bakin ƙofa za ta ba da ita ba, amma in zai shiga gaba ta bi fitilarsa, ta gode. Bakit ya dubi Muflih. Muflih ya ce shi fasinja ne, ba ruwansa.

Haka suka sauko, jan fitila a gaba, Hiyam a baya, har gajimaren ya yage. Ƙasa ta buɗe a gabansu kore shar har bakin teku, ruwa na zubowa daga jikin duwatsu. Ta ja gefe ta kashe mota. Ta buɗe baki za ta fara kwatance, ya ce ta bari. Ya fita ya tsaya cikin yayyafin, ya juya fuska dama da hagu, ya ce wannan ko shi yana ganinsa, kore ne ko'ina. Ta bar shi ya tsaya iya son ransa.

Bakit da matarsa Tuful suka ƙi jin maganar masauki. A filin da ke gindin dutse danginsu suka kafa tanti, kamar yadda suke yi duk lokacin yayyafi, can aka kai baƙin. Aka gasa nama a kan duwatsu masu zafi, Tuful ta turara wa Hiyam mayafi da lubban, tana ta maimaita wa duk matar da ta shigo cewa wannan baiwar Allah ita ta tuƙo daga Jodan. Hiyam ba ta musa ba, har ƙarin bayani take yi.

Washegari aka kai su Mugsail, inda teku ke shiga ƙarƙashin dutse ya feso ta rami. Tuful ta ja Hiyam baya, Bakit ya gargaɗi Muflih, amma ya ce yana so ya ji rugugin da kyau, ya matsa har bakin ramin yana kasa kunne. Ruwan ya taso ya fi tsayinsa, ya sauko masa a ka. Ya tsaya jagab, rawani ya manne masa a fuska, yana dariya har da tari. Hiyam ta ce ba mai zauna mata a kujera a haka. Ta zaunar da shi a kan dutse, ta matse masa rawanin, ta sayo kwakwa biyu aka fasa musu, suka sha suna jiran rigar ta tsane, abin da ba ta yi ba don yayyafin bai tsaya ba.

Sun zauna a Salala har yayyafin ya fara ja da baya. Ranar tafiya Tuful ta cika musu bayan mota da ayaba, Bakit ya raka su har bayan gari ya nuna musu hanyar bakin teku mai zuwa Maskat, babban birnin Oman, don su koma gida ta wata hanya dabam, Hiyam ta sa sigina ta hau ta.