Wace Batulun?

A shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, wata waƙar Daudu mai garaya ta cika rediyo. Ko'ina aka kunna sai ka ji: "Batulu ta Gwiwa, tun da kika hau mota tuwo ya daina yi mini daɗi."

Sama'ilu tela ne a Gwiwa, kuma Batulun da yake nema da aure ta hau mota bara, ta je Kazaure wajen gwaggonta ta dawo. Abokai suka sa shi gaba da tsiya. Ya ɗauke ƙafa daga zance har mako uku, ga kishi yana cinsa, ga kewarta ta hana shi sakat. Da ya ga ɗinki ma ya fara karkacewa, sai ya rufe keke ya nufi Babura, garin mawaƙin.

A hanya kansa ya ƙara kullewa. Direban motar, mutumin Roni, ya rantse cewa da kunnensa ya ji waƙar a wani biki, kuma Shatu aka ce, Shatun Roni. A tashar Kazaure mai fura ta yi tsaki.

"Wace Shatu? Dela ce, ga gidansu can bayan dutse!"

Ya samu Daudu a zaure, dattijo mai furfura, yana gyaran tsirkiya.

"Baba, don Allah wace Batulun kake nufi?"

"Batulu kuma?" Daudu ya ajiye garayar. "Au, ta rediyo! Ai ranar da masu na'ura suka ɗauke ni a Gwiwa nake wasa. Duk garin da na je, sunan da na fara ji shi nake sawa."

"To ita ta gaskiyar fa?"

Dattijon ya sunkuyar da kai.

"'Yar farina ce, samari. An kai ta aure Damagaram, shekara shida ban sa ta a ido ba. Ka taɓa jin uba ya kama sunan 'yar fari a bainar jama'a? Shi ya sa nake aron na mutane."

Sama'ilu ya fito bai san ko dariya zai yi ko kuka ba. Mako uku yana kishi da uban wata!

Washegari da la'asar ya yi sallama a ƙofar gidansu Batulu. Ta daɗe kafin ta fito, fuska a ɗaure.

"An ce har Babura ka je bincike. To, Malam tela, ni ce ko ba ni ba ce?"

Ya buɗe baki zai kwashe labarin, sai ya lura da yadda take murɗa bakin mayafinta tana jira. Shin so take a wanke ta, ko so take a ce ita ce? Wallahi bai gane ba.

"Shi dai ba ke yake nufi ba," ya ce a hankali. "Amma ni mako uku ke nan tuwo ba ya yi mini daɗi."

Ta harare shi, ta koma ciki. Yana shirin juyawa sai ga ta da tabarma.